Jinyar Sa'a a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka ban samu sakat ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da dawowa, kafin ta gyara zama sai ta ce, "To Hajiya, yaya ƙasar? Yaya jikin Sa'a?" In ce da sauƙi, in miƙa mata turare ko man shafawa, ta tafi. Wasu sun ji ƙishin-ƙishin wai an mai da ƙanwata 'yar ƙwaya a can, amma ba sa iya tambayata kai tsaye, sai kewaye-kewaye. Na gaji da ba da rabin amsa. Na tambayi Sa'a a waya ko in faɗa, ta ce, "Faɗi, Yaya. Me ya rage da za a ɓoye?" Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai san mu ba, Sa'adatu ƙanwata ce ciki ɗaya, ni na goye ta. Tun tana da ƙuruciya ta bi mijinta Alhaji Lawan zuwa Greensboro, inda yake tuƙin babbar mota. 'Ya'yansu biyu, Sadik da Nafisa. Sadik ne ɗan fari, saboda haka Sa'a ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa, kamar yadda muka taso muka ga iyayenmu suna yi. Yana karatu yana kuma aiki a kantin wani gidan mai. Wata rana da tsakar rana wani ya shiga fashi da bindiga, ya harbe shi. Shekara biyu ke nan da wani abu.

Mun yi zaman makoki a Kano, su ma sun yi a can. Muka ɗauka Sa'a za ta yi haƙuri kamar kowa. Da farko tana ɗaukar waya, daga baya sai Nafisa ce ke ɗauka ta ce Mama na barci. Kullum barci. Sai bara Alhaji Lawan ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba.

"Hajiya, ki taimake ni ki zo," in ji shi. "Yarinyar nan Nafisa ta samo wani asibiti da ake ɗura wa mutane abin maye, wai magani. Na yi faɗan na gaji. Ke kaɗai ce za su ji maganarki."

Na yi shekaru ina shugabar makarantar firamare kafin in yi ritaya, na ga yadda ƙwaya ta cinye yaran unguwarmu. Ban tsaya dogon tunani ba. Da biza ta fito na haɗa kaya: kuka, daddawa, yaji, kilishi, da rubutun da malaminmu ya yi wa Sa'a. Da yake ba a tafiya da ruwa, sai aka wanke allon aka jiƙa auduga da shi aka shanya, in na isa in jiƙa mata ta sha.

Daga Kano muka sauka Addis Ababa, muka yi jira mai tsawo. A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa 'yar Habasha, ba ta jin Turanci ba na jin yarenta, amma ita ta nuna mini yadda ake danna famfon bayi. Da aka kawo abinci na duba na kasa gane kansa, na ci burodi kawai. Tsohuwar ta kalle ni ta girgiza kai, ta ciro soyayyen sha'ir daga jakarta ta zuba mini a hannu. Kafin mu sauka ƙafafuna sun kumbura, takalmin da na cire ya ƙi shiga. Haka na taka ƙasar Amurka da safa, takalmi a hannu.

A filin jirgin Washington wani kare ne ya fara tarbata. Ya zagaya akwatina ya zauna, ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe, wata ma'aikaciya mai safar hannu ta buɗe. Kilishin ta fara ɗagawa, ta ce nama ba ya shiga, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo. Daddawa ta buɗe ta yi baya da sauri, amma ta bar mini. Sai ta zo kan baƙar audugar nan.

"Wannan fa?"

Na yi mata bayani da Turancina na makaranta, ayoyi ne aka rubuta aka wanke, maganin ƙanwata ne. Ta kira wani, suka goga wani ɗan ƙyalle a jiki suka sa a na'ura. Ina tsaye da safa. Ni da na taso daga Kano don in hana a ba ƙanwata ƙwaya, ga shi ni ake bincika ko ita na ɗauko. Na'urar ba ta ce komai ba. Matar ta mayar mini, ta ce tana yi wa ƙanwata fatan samun sauƙi.

Alhaji Lawan ya zo ɗaukata da mota. Na kusa kasa gane shi, gemunsa ya yi fari fat. Tafiyar kusan rabin yini ce, titi shimfiɗe, itatuwa hagu da dama, ba mai talla, ba mai tsayar da kai, ba ko akuya. A hanya muka tsaya shan mai, na ce ina son ruwa. Ya ba ni kati ya nuna mini ƙofar kantin, shi ya tsaya jikin mota ya juya wa kantin baya. Da na dawo ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Tun abin nan ban sake shiga irin waɗannan ba."

Gidansu yana wani rukunin benaye a bayan titin Gate City Boulevard. Ƙofofi iri ɗaya a jere, duk a rufe. A gida in baƙo ya sauka daga nesa, kafin ya sha ruwa maƙwabta sun cika tsakar gida. Nan kuwa matar da ke ƙofar kusa ta fito da karenta, ta yi mini murmushi ta tambayi lafiyata, kafin in buɗe baki in amsa har ta sauka ƙasa.

Sa'a tana ɗaki a kwance, labule a sake, fuska ga bango. Ƙanwata da ake yi wa tsiya saboda jiki, na same ta kamar an zare mata nama. Gashinta ya dunƙule. Na ce, "Sa'a, ni ce." Ta juyo ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya," kamar daga kasuwa na dawo. Ta mai da fuskarta bango. Na so ta yi kuka mu yi tare. Ba ta yi ba.

Washegari na jiƙa mata rubutu ta sha ba musu. Na ce bari in yi mata tuwo da miyar kuka. Na shiga kicin na buɗe ko'ina ban ga wuƙa ba. Nafisa ta dawo daga aiki, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, na ce, "Ke wane irin gida ne wannan ba wuƙar yanka albasa?"

Ta ɗauki makullin mota ta ce in biyo ta. A but ɗin motarta akwai wani akwati, ciki wuƙaƙen gidan ne duka, da almakashi, da reza, da magungunan uwarta.

"Anti, Baba bai gaya miki ba ko?" Hausarta a karye take, tana yi tana cusa Turanci. "Sau biyu tana neman yi wa kanta illa. Na biyun ni na same ta a bayi. An gwada mata ƙwayoyin difireshan kala-kala, ba wanda ya yi aiki. An yi ruƙiyya. An yi sauka. Ni ban ce a daina addu'a ba. Amma ina zuwa aiki ina tunanin me zan tarar in na dawo."

Na tsaya riƙe da wuƙa a wurin ajiye motoci. Duk jawabin da na shirya tun daga Kano ya bi iska.

Sunan maganin ketamin. Nafisa ta ce shi ne ake sa wa mutum ya yi barci a yi masa tiyata, har a asibitocinmu na gida. In aka ba da kaɗan ba ya sa barci, sai dai ya fitar da mutum daga hayyacinsa na ɗan lokaci, ya ga abubuwa, ya ji kamar ya rabu da jikinsa. Wai wasu da ciwon damuwa ya ƙi jin magani sukan samu sauƙi bayansa. Ba kowa ba. Ta ce akwai masu shan sa don maye, ba ta ɓoye mini ba.

Na ce a kai ni wurin malami. Alhaji Lawan ya kai ni wurin wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ke jan su salla. Ya saurare mu har muka gama, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Hajiya, ni ban san wannan magani ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ke gusar da hankali haramun ne, wannan kowa ya sani. Amma ana gusar da hankalin mutum a yi masa tiyata don a ceci ransa. In likita amintacce ya ce rai ne a ciki, ni ba zan ce ku bar ta ta mutu ba." Alhaji Lawan bai ji daɗin amsar ba. A mota ya ce, "Me mutane za su ce?" Da safe ya ɗauki jakarsa ya tafi kai kaya wata jiha mai nisa. Bai ce a je ba, bai ce kada a je ba.

Asibitin ɗan ƙarami ne, a wajen titin Wendover, tsakanin wani kantin katifa da wurin gyaran haƙori. Ba warin asibiti, ba layi. Likitar wata Baturiya ce mai furfura. Ta dubi Sa'a ido cikin ido ta ce, "Yau kina tunanin kashe kanki?" Na ji kamar in nutse. A gida ko a bayan mutum ba a furta wannan. Sa'a kuwa ta amsa hankali kwance, "Kullum."

Aka kwantar da ita a wata kujera mai laushi, aka ɗaura mata abin awon jini, aka sa mata ƙarin ruwa a hannu. Suna da abin rufe ido da abin sa wa a kunne mai kiɗa a hankali. Sa'a ta ce ba ta son kiɗa, Nafisa ta sa mata karatu a waya. Aka bar ni na zauna a gefe da carbi.

Zuwan farko bai yi kyau ba. Ba a jima ba ta fara numfashi sama-sama, ta damƙe hannuna. "Yaya, na mutu ne? Ina hannuna? Ɗakin yana narkewa." Tana salati harshenta na karyewa. Na miƙe zan cire robar da kaina, ma'aikaciyar jinyar ta dafa ni ta ce in zauna, zai wuce, in dai yi ta mata magana. Na yi ta cewa, "Ina nan, Sa'a, ina nan." Da ya sake ta ta yi amai. A mota na ce wa Nafisa ba za mu sake dawowa ba. Sa'a daga kujerar baya, ido a rufe, ta ce, "Za mu dawo."

A zuwa na uku ne abin ya faru. Ta yi shiru na tsawon lokaci, har na ɗauka barci ne. Sai na ga leɓenta na motsi. A hankali ta ce, "Sadik." Tun da ta haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta sake faɗa, da ƙarfi. "Sadik. Sadik, zo nan. Ka ci abinci?" Hawaye na fitowa ta ƙarƙashin abin rufe idon suna shiga kunnenta. Nafisa ta toshe bakinta ta fita da gudu.

Da muka koma gida ta ba ni labari. Ta ce ta gan shi yana ƙarami, da rigar makaranta, ya zo ya hau cinyarta, ta rungume shi ba ta ji kunyar kowa ba. "Yaya, ya rayu ya mutu bai taɓa jin na kira shi ba. A nan iyaye suna ce wa 'ya'yansu ina son ka a bakin ƙofar makaranta. Ya taɓa tambayata me ya sa ni ba na faɗa. Na ce masa tashi ka ba ni wuri." Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da ta gama ta ce, "Akwai sauran tuwon nan?"

Makonnin da suka biyo baya su ne masu daɗi a tafiyata. Ta yi wanka da kanta. Na tsefe mata kai, rabin gashin ya zube, na kitsa sauran. Muka je kantin kayan Afirka, ta yi ta yi mini dariya ina jinjina kazar ƙasar, ƙatuwa kamar talo-talo, amma in ka dafa ba ɗanɗano sai ruwa. Burodinsu kuma zaƙi kamar alkaki. Wata maƙwabciyarsu ta nesa, Hajiya Zinaba 'yar Damagaram, ta kawo mana dambu da zogale, ta ga Sa'a a zaune a falo ta ɗaga hannu sama. "Wane lokotoro ne wannan? Allah ya yi masa albarka!" Haka suke kiran likita a garinsu. Alhaji Lawan ya dawo ya tarar da matarsa a kicin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hularsa ya mayar, ya wuce ɗaki.

Ita da kanta ta ce a kai ta kabarin. Ba ta taɓa zuwa ba. A gida da ba zan yarda ba, amma a can mata suna zuwa, ban hana ba. Maƙabartar tana bayan gari ta wajen McLeansville, ciyawa kore shar an aske ta kamar filin ƙwallo, ɓangaren Musulmi a gefe guda. Ta durƙusa ta yi addu'a, ta kira sunansa a fili, ta tashi da ƙafarta. A hanyar dawowa muka bi ta gidan man da aka harbe shi. An canza masa fenti, mutane na shiga suna fita da lemo a hannu.

Daga nan abin ya fara komawa. Likitar ta riga ta gaya mana sauƙin yakan ja baya, sai an riƙa ƙarawa jefi-jefi, kuma dole Sa'a ta riƙa zuwa wurin mai ba da shawara suna magana. Ana cikin haka aka yi suna a gidan wasu 'yan Najeriya, muka lallashe ta ta je. Tana cikin ɗakin mai jego ta ji wata a falo tana cewa, "Ai allurar maye ake mata. Ba ku ga idonta ba? Rashin tawakkali ne kawai, ita kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa?" Na fito zan yi magana, Sa'a ta riƙe mini mayafi ta ce mu tafi. Tun daga ranar labule ya koma ya sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ta fara ƙirga ranar komawa asibiti. Ta ce wa Nafisa ta kira a matso da ranar. Likitar ta ƙi. Da ranar ta zo Sa'a ta roƙe ta a ƙara mata yawan maganin. Likitar ta ja kujera ta zauna kusa da ita ta tambaye ta dalili.

"Ina so in daɗe da shi," in ji Sa'a.

Likitar ta ce ba za ta ƙara ba. Ta ce maganin ba don ganinsa ake ba ta ba, don ta iya rayuwa bayansa ne, kuma ba ta da ikon cewa zai zo ko ba zai zo ba. Sa'a ta ce, "Ni ba warkewa nake zuwa nema ba."

Ranar na zauna a gefenta ina jiran in ji sunan. Ba ta ce uffan ba har ruwan ya ƙare. Da aka cire mata abin rufe ido ta dubi silin ta ce, "Bai zo ba, Yaya. Duhu ne kawai, da faɗi." Zuwa na gaba ma bai zo ba.

A mota ranar Alhaji Lawan ya ce, "Kin gani ko, Hajiya? Abin da na guda ke nan." Nafisa ta ce, "Baba, tana cin abinci. Tana salla a tsaye. Da fa?" Dukansu suka juyo gare ni, ni da aka ɗauko daga Kano don in raba gardama. Na ce ban sani ba. Har yau ban sani ba. Na ga maganin ya ɗago ƙanwata daga inda addu'ata da rubutuna da ƙwayoyin likita ba su kai ba. Na kuma ga ya nuna mata wata ƙofa, ya rufe, ya bar ta tsaye a bakinta. Ba ta koma yadda na same ta ba, ba ta kuma tsaya yadda ta kai ba. Wata rana ta tashi ta yi girki, wata rana ko fuska ba ta wankewa. An rage zuwa asibitin, tana zuwa wurin mai ba da shawara, wani lokaci ta yi magana, wani lokaci ta zauna kawai har lokaci ya cika.

Kwanakin da aka ba ni a ƙasar suka ƙare. Da safen da zan taho ta ce ba za ta iya rakiya filin jirgi ba, amma ta sauko har wurin mota da zanen gida, iska mai sanyi na kaɗa ta. Ta ce, "Yaya, in ta Allah ta kasance, kada ku ce a kawo ni gida. A sa ni kusa da shi."

Na kama kafaɗunta. Na ce, "Sa'adatu, ki dube ni. Ki yi mini alkawari ba za ki yi wa kanki komai ba."

Ta daɗe tana kallona. Ƙanwata ba ta iya ƙarya ba tun tana yarinya.

"Na yi miki alkawarin yau," ta ce. "Gobe ki kira ki sake tambayata."

Haka muke yi tun da na dawo. In na idar da azahar, su lokacin gari ya waye musu, sai in kira. Wani lokaci ta ɗauka nan da nan, mu yi hirar tsadar tumatir. Wani lokaci wayar ta yi ta ƙara, ina zaune a kan darduma ina jin ƙarar har cikin haƙorana, kafin can in ji muryarta a dushe ta ce, "Na yi, Yaya," ta kashe. Jiya ta ɗauka. Yau ban kira ba tukuna, gari bai waye musu ba.